Yaushe Ya Kamata A Sare Ayaba?

Duk wanda ya zaga unguwannin Kaduna na arewa da kogi, tun daga Kabala da Unguwar Rimi har zuwa Malali da Kawo da Rafin Guza, ba zai rasa ganin ganyen ayaba yana leƙowa ta bisa katanga ba. Wani ya dasa tasa bakin rariya inda ruwan wanke-wanke ke bi, wani kusa da rijiya ko famfo, masu lambu kuwa na fadamun bakin kogi sun jera tasu a gefen kayan miya. Dashen ayaba ba shi da wuya. In ta sami ruwa da taki da wurin da iska ba ta dukanta ƙwarai, sai ta yi ta girma. Inda mutane da yawa ke yin asara shi ne ranar sara.

Dalili kuwa, kara ɗaya na ayaba nono ɗaya tak ya ke bayarwa duk rayuwarsa. Ba kamar mangwaro ko gwaiba ba ne, da mutum zai tsinki ɗaya yau ya ɗanɗana, in bai yi ba ya dawo jibi. A Kaduna, daga dashe zuwa sara a kan yi shekara guda, wani lokaci har da ɗoriya. Wanda ya yi gaggawa ya sari ɗanya, sai ta yanƙwane a ɗaki, ba zaƙi ba ƙanshi. Wanda kuma ya yi nawa, sai ta tsattsage a bisa, jemagu da tsuntsaye su riga shi, ko iskar hadari ta kayar da karan duka. Ko wanne ya faru, wahalar shekara ta tafi a banza, adda kuwa ba ta mai da abin da ta sare.

Ƙosawa Daban, Nuna Daban

Abu na fari da ya kamata mai ayaba ya riƙe shi ne, ƙosawa daban, nuna daban. Ƙosawa, watau 'ya'yan su gama cika, su tara abincin da uwar za ta ba su. Nuna kuwa, watau tsokar ta yi laushi da zaƙi, ɓawon ya sake launi. Ayaba a bisa ta ke ƙosa, amma a ƙasa ya kamata ta nuna.

Masana sun auna cikin ayabar ci. Sa'ad da ta ƙosa tana kore, wajen kashi 20 cikin 100 na tsokarta sitaci ne, sukari kuwa bai wuce kashi 1 ko 2 ba. In ta nuna sai abin ya juya, sitacin ya narke ya koma sukari, har ya rage kashi 1 ko 2 kaɗai. To, ashe zaƙin nunanniyar ayaba daga sitacin da ta tara a bisa ya ke fitowa. Ɗaki ba ya ƙara mata kome, abin da ta sauko da shi, da shi za ta nuna. Saboda haka wadda aka sare tun ba ta cika ba, ko ta yi rawaya daga baya, za a same ta siririya, ɓawo ya fi tsoka yawa, ga bauri a baki. Har wa yau akwai asarar nauyi, domin kowane mako na ƙarshe yana ƙara wa nono kauri, wanda ya rage shi kuwa kuɗinsa ya rage.

Barinta ta nuna a bisa ma ba dabara ba ce. Ɓawo ya kan tsage in tsoka ta cika ta wuce kima, musamman in ruwan sama ya sauko bayan 'yan kwanaki na fari. Ƙanshinta kuma ya kan kira jemage da ɓera da kiyashi. In kuwa ta soma nuna a bisa, ɗaukarta sai a hankali, da an taɓa sai 'ya'yan su riƙa ɓallewa suna zuba.

Lissafin Kwanaki

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda kuma mutane suka fi sakaci da ita, ita ce rubuta kwanan wata. Ayaba ta kan fid da ganye ɗaya bayan ɗaya, kusan ɗaya kowane mako in da ɗumi da ruwa, har ta yi ganye 30 zuwa 40. Sa'an nan sai wani gajeren ganye ya fito ya tsaya a miƙe. Wannan shi ne ɗan aike, bayansa sai fure, babba, ja mai duhu, ya leƙo daga tsakiyar kara. Cikin 'yan kwanaki furen zai sunkuyo ƙasa, ɓawonsa ya riƙa buɗewa ɗai-ɗai, kowanne ya bar sahun 'ya'ya masu kama da tafin hannu da yatsunsa. Irin wannan sahu shi za a kira hannu a bayanin da ke biye.

Ranar da furen nan ya leƙo ita ce ranar da za a rubuta. Akawu ya san darajar kwanan wata a takarda, ɗan kasuwa kuma ya san ta a littafin bashi. To, ayaba ma haka ta ke bukata. Wanda ba shi da littafi ya rubuta da gawayi a jikin katanga, ko ya ɗaura tsumma a karan, launin kowane wata daban.

Wannan ba ƙaramar dabara ba ce, ita manyan gonakin duniya ke bi. A Ikwado, ƙasar da ta fi kowace fid da ayaba zuwa ƙasashen waje, kowane mako yana da launin ƙyallensa. Duk nonon da ya fito a makon nan a ɗaura masa wannan launi, in makonnin da aka ƙayyade suka cika sai masu sara su shiga gona suna neman launin, su auna kaurin 'ya'yan da ma'auni, kana su sare.

Galibi daga fitowar fure zuwa ƙosawa kwana 90 ne zuwa 120. Amma fa wannan lissafi yana tafiya da yanayin wuri, Kaduna kuwa ba irin Kudu ba ce.

Damina, Hunturu Da Bazara

Ayaba 'yar ƙasar ruwa da ɗumi ce. Ta fi son zafi wajen digiri 27 na ma'aunin santigired, da ruwa kamar inci ɗaya kowane mako, shekara duka. Kaduna tana samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, watau kusan inci 47, amma kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba ya ke sauka, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Daga Nuwamba zuwa Maris, wata biyar cur, sai abin da mai ita ya zuba mata. Gindi ɗaya da ya ci fili mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, yana bukatar wajen lita 100 a mako, watau jarka huɗu mai lita 25. Da bazara kuwa ya fi haka.

Saboda haka nono uku da suka fito a lokatai uku ba za su ƙosa a kwanaki ɗaya ba.

Wanda ya fito a tsakiyar damina, kamar Yuni ko Yuli, shi ne mai sa'a. Ga ruwa, ga ɗumi, ga ganye lafiyayye. Wata uku ko da 'yan kwanaki ya ishe shi, sai a sare shi wajen Satumba ko Oktoba.

Wanda ya fito da kaka, Oktoba ko Nuwamba, zai yi cikarsa a cikin hunturu. A Disamba da Janairu sanyin dare a Kaduna ya kan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, musamman a fadama. A irin wannan sanyi girman ayaba ya kan yi nawa ƙwarai. Ga kuma busasshiyar iska tana tsattsaga ganye, ƙura tana rufe shi. Irin wannan nono ya kan ci wata huɗu, har biyar, ko da ana ba shi ruwa. Mai shi ya yi haƙuri, kada ya ce ai na bara wata uku ya yi.

Wanda ya fito a Fabrairu ko Maris kuwa, zafi ba zai rage masa ba, domin rana ta kan kai digiri 35 ko fiye a Maris da Afrilu. In ruwa ya wadata zai cika da wuri, wajen Mayu ko Yuni. In ruwa ya gaza, kwanaki za su cika, 'ya'ya ba su cika ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da ganye. Daga ranar da ayaba ta fid da fure ba ta ƙara yin sabon ganye ko ɗaya. Waɗanda ke jikinta a ranar nan su ne za su ciyar da nonon har ya ƙosa. Don haka matan gida da ke yankar ɗanyen ganye don ƙunshe alala ko rufe tukunya, su nemi na karan da aka riga aka sare. Kowane koren ganye da aka cire daga kara mai nono, abincin 'ya'yan aka rage.

Alamun Da Ido Ke Gani

Lissafi yana gaya wa mutum lokacin da zai soma dubawa ne, ido kuwa shi ke yanke hukunci. In kwana 80 suka wuce, sai a riƙa leƙa nono kowane kwana biyu ko uku, ana neman alamu huɗu.

Ta fari, kuma babbarsu, ita ce siffar 'ya'yan. Ƙaramar ayaba tana da kusurwa a jikinta daga sama har ƙasa, kamar kuɓewa. Yayin da ta ke cika sai gefunan su riƙa kumbura, kusurwoyin suna ɓacewa, har ta zama mulmulalliya kamar gaɓar rake. Tafiyar ayaba daga kuɓewa zuwa rake, ita ce ƙosawarta. Amma a san inda za a duba. Hannun da ke can sama kusa da wuyan nono shi ya fara fitowa, shi ne babba, na ƙasa kuwa ƙannensa ne. Wanda ya duba na sama kaɗai zai yi gaggawa, wanda ya jira na ƙasa ya mulmule zai makara. Masu gonakin ayaba su kan duba ɗan tsakiya na hannu na biyu daga sama, shi ke ba da labarin nonon duka.

Ta biyu, ɗan furen da ke manne a bakin kowane ɗa. Tun yana ɗanye ba ya fita sai da ƙarfi. In ayaba ta ƙosa ya kan bushe ya yi baƙi, da an murza shi da yatsa sai ya kakkaɓe.

Ta uku, launi. Koren nan mai duhu ya kan washe ya koma kore mai haske, ɓawon kuma ya yi santsi da ɗan sheƙi.

Ta huɗu ita ce ta raba gardama. A ɓalli ɗa guda daga hannu na biyu, a yanka shi biyu a gicciye, a duba. In tsokar fara ce fat, ɓawo da kauri, ruwan danƙo yana tsatsowa da yawa, to, da saura. In tsokar ta soma komawa launin man shanu, ta cika ɓawon ta zagaye, ɓawon ya yi sirara, to, ta yi. Ita ayabar suya da a ke kira agade, tsokarta har ɗan ja-ja ta kan yi kamar cikin kabewa. Asarar ɗa ɗaya ta fi asarar nono.

Abubuwa Uku Masu Ruɗi

Akwai abubuwa uku da kan ruɗi ko wanda ya daɗe yana noma.

Na ɗaya, nunan rana. Ayabar da ƙishi ya dame ta, ko ganyenta ya ƙare, ta kan yi rawaya tun tana siririya da kusurwoyinta. Rana mai zafi kuma ta kan ƙona hannun sama da wuyan nono, su yi fari-fari ko rawaya. Wannan ba ƙosawa ba ce, wahala ce. Maganinta ban ruwa, da rufa wa saman nono busasshen ganye ko buhun algarara da bazara. Cutar ganye ma tana jawo haka. Akwai wadda a ke kira baƙar Sigatoka, da ta shigo Nijeriya a 1986, mai sa ganye ya yi zane-zane baƙi ya bushe, 'ya'ya su nuna ba su cika ba. Ta fi ɓarna a Kudu inda laima ta yi yawa, shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fid da irin agade masu jure mata daga tasharta ta Onne, kusa da Fatakwal. Mai lambu a bakin kogi ya sa ido da damina, ganyen da ya ƙone ya yanke shi ya kawar.

Na biyu kishiyar na ɗaya ne, watau ayaba ta nuna tana kore. Irin nan da a ke kira Cavendish, wanda gajeriyar ayaba ta cikin gida ke cikin danginsa, in zafi ya wuce wajen digiri 25 ɓawonsa ba ya yin rawaya sosai, alhali ciki ya yi laushi ya yi zaƙi. Da bazara a Kaduna, wanda ya tsaya jiran rawaya sai ya tarar ta lugwigwice. A nan sai a latsa a hankali, a sansana, kada a dogara ga launi.

Na uku, ba dukan iri ke mulmulewa ba. Akwai gajeriyar ayaba mai kauri ta dafuwa, wadda kusurwarta ba ta ɓacewa ko ta ƙosa. Agade ma ba ta kan rasa ɗan saura. Ga irin waɗannan, lissafin kwanaki da yanka ɗa guda su ne abin dogara. Manomi ya san irin da ya dasa, ya kuma rubuta kwanakin da nonon farko ya ci, don su zama ma'auni a gaba.

Ina Za A Kai Ta?

Ƙosawa hawa-hawa ce, hawan da za a sare kuwa ya danganta ga nisan bakin da zai ci. Ayabar da ta cika sosai ta fi nauyi da daɗi, amma ba ta jimawa. Wadda ta rage kaɗan ta fi jure hanya.

'Yan kasuwar ayaba na duniya sun daɗe da sanin haka. Kamfanin raya ƙasa na Kamaru, CDC, ya fara aiki a 1947, a lokacin nan kuwa Kudancin Kamaru a haɗe ya ke da Nijeriya wajen mulki. Daga gonakinsa a kan ɗora ayaba a jiragen ruwa na kamfanin Elders & Fyffes a tashar Tiko, a kai Ingila, tafiyar wajen mako biyu. Ba a ɗora cikakkiya. A kan sare ta sa'ad da ta kai kashi uku cikin huɗu na cikarta, kusurwa tana nan ana gani, a sanyaya cikin jirgin wajen digiri 13, sai an sauke ta kana a nunar da ita. Har yau bisa wannan ƙa'ida a ke fataucin ayaba a teku.

To, mai ayaba a Kaduna ma ya yi wannan lissafi. In Zariya ko Kano ko Katsina za a kai ta a mota, ta kuma yi kwanaki a rumfar mai saye, a sare ta gefunan sun cika amma kusurwa ba ta gama ɓacewa ba. In cikin gari za a sayar, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo, a bari kusurwa ta kusa ɓacewa sarai. A nan ne mai lambu na gari ya fi mai kawowa daga nesa. Yawancin ayabar kasuwannin Kaduna daga jihohin Kudu irin su Edo da Ondo ta ke zuwa, da kudancin jihar Kaduna, tilas a sare ta da saura don ta jure lodi da hanya. Wanda gonarsa ke Malali ba shi da wannan tilas. In ya bar tasa ta cika, za ta fi tasu kauri da zaƙi, masu saye kuwa ba su mantuwa da inda suka sami mai daɗi. In ya sare ta ɗanya, ya zubar da fifikon da kusanci ya ba shi.

In kuwa ta ci a gida ce, a bar ta ta mulmule, har a ga ɗa ɗaya ko biyu na hannun sama sun soma sake launi. Ranar nan a sare, kada a kwana. Gidan da ba shi da mutane da yawa yana iya yankar hannu ɗai-ɗai daga sama, a bar sauran a bisa na 'yan kwanaki, don kada duka su nuna rana ɗaya a rasa yadda za a yi da su.

Watan azumi ya kan jarrabi masu lambu, domin kayan marmari suna tsada, dillalai suna zagawa. Sau da yawa a kan sari nonon da ya rage mako uku don a cim ma kasuwa. Riba ce ta yini ɗaya. Mai shan ruwa da ya ɓare ayaba ya ji bauri, gobe wani tebur zai nufa.

Lokacin Da Ba A Jira

Duk da haka akwai lokacin da jira ya fi gaggawa hatsari. Ayaba ba itace ba ce, karanta kuben ganye ne da suka nannaɗe juna, saiwarta kuma ba ta nisa a ƙasa. Iskar hadarin farkon damina, a Afrilu da Mayu, da ta ƙarshenta a Oktoba, ita ta fi kayar da kara mai nono. Tun nono yana ƙarami a tokare shi da gwafa ko gora biyu da aka gicciya, a sa su ƙarƙashin wuyan nonon ta gefen da ya karkata, ba tare da sun gogi 'ya'yan ba.

Masu lambu na bakin kogi kuma suna da nasu abin tsoro. Kogin Kaduna ya kan cika a Agusta da Satumba, mutanen garin kuwa ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Saiwar ayaba ba ta jure kwanciyar ruwa, kwana biyu ko uku sun isa ta soma ruɓa. Nonon da ya kai kashi uku cikin huɗu, ga kogi yana hauhawa, gara a sare shi. Haka kuma in kara ya karye, in nonon ya kai wannan hawa a ɗauke shi a kai inuwa, zai nuna. In bai kai ba, a dafa shi kamar doya ko a ba dabbobi.

Yadda A Ke Sara

A yi sara da sassafe, kafin rana ta gasa 'ya'yan. In karan dogo ne, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya sari karan da adda sama da tsakiyarsa, sara mara zurfi, ta gefen da nonon ya ke, don ya sunkuyo a hankali. Na biyu ya tarbi nonon a kafaɗa da gammo ko tsohon buhu. Sa'an nan a yanke wuyan, a bar kamar ƙafa ɗaya don a sami wurin riƙo da ratayewa. Kada nono ya taɓa faɗuwa ƙasa. Ƙujewar da ba a gani tana kore, ita ce baƙin tabon da zai fito ranar da ta nuna, shi ne kuma abin da mai saye zai nuna ya rage kuɗi.

A sa tsofaffin tufafi, domin ruwan danƙon ayaba in ya ɗiga a riga ba ya fita ko da wane sabulu. In an rarraba hannu-hannu, a kife su bisa ganye har danƙon ya tsane, don kada ya ɓata ɓawo. Kada a bar su a rana ko a bayan mota a buɗe.

Nunarwa

Ayaba da kanta ta ke fid da abin da ke nunar da ita, wata iska ce da ba a gani, masana suna kiranta etilin. A 1934 wani masani a Ingila, Richard Gane, ya tabbatar da cewa 'ya'yan itace ne ke fid da ita daga jikinsu. Wannan shi ne asirin tsohuwar dabarar rufe ayaba a kwando ko a buhu ko a randa da busasshen ganye. Iskar ta taru, nuna ya yi sauri. In an jefa nunanniyar ayaba ɗaya ko mangwaro a ciki, ya fi sauri. Ƙosasshiyar ayaba ta kan nuna cikin kwana 4 zuwa mako guda. A riƙa buɗewa sau ɗaya a yini don ta sha iska, a kuma fid da wadda ta yi.

Da bazara a nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Da hunturu a rufe ta da kyau, don busasshiyar iska tana yanƙwana ɓawo. Kada a sa koriyar ayaba a firiji, domin sanyin da ya gaza digiri 13 yana ɓata ta, ɓawo ya dushe, nuna ya ƙi tafiya daidai.

Akwai masu sa kabayid, sinadarin nan na masu walda, don ayaba ta yi rawaya cikin dare ɗaya ko biyu. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kansa, domin yana ɗauke da guba mai cutar da mai ci da mai sa shi. Galibi ɗanyar ayaba a ke yi wa haka, a rina mata ɓawo, ciki kuwa yana nan da baurinsa. Wadda ta ƙosa a bisa ba ta bukatar wannan.

Bayan Sara

Karan da aka sare ba zai sake haihuwa ba, amma aikinsa bai ƙare ba. A bar gunduwarsa a tsaye kamar tsawon ƙirjin mutum na 'yan makonni, ruwa da abincin da ke ciki su koma ga 'yar da ke tasowa a gindi. In ta soma ruɓa a sare ta ƙasa-ƙasa, a faffasa, a shimfiɗa kewaye da gindin tare da ganyen. Za ta riƙe laima da rani, ta kuma zama taki. A kowane gindi a bar uku kaɗai, uwa da 'ya da jika, sauran a cire a dasa wani wuri ko a ba maƙwabta. Gindin da ya cunkushe ƙananan nonna ya ke bayarwa, masu jinkirin cika.

Manomin da ya rubuta ranar fure, ya san daminarsa da hunturunsa, ya duba hannu na biyu, ya yanka ɗa guda kafin ya ɗaga adda, da wuya ya yi kuskure. In ya riƙe littafinsa shekara biyu ko uku, zai san kwanakin ayabarsa fiye da yadda kowane malamin gona zai gaya masa, har ya iya ce wa dillali, ka dawo ran kaza, ya kuwa dawo ya tarar da ita ta yi. Allah Ya ba da amfani mai albarka.